Ruwa na taruwa a gindin jirgi in an tayar da inji: daga ina yake shigowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da jirgin ruwa mai tafiya da iska na maigidana a Abhur, arewacin Jidda. Jikinsa na faiba ne, tsawonsa kusan mita 11, da injin dizal Yanmar mai silinda uku a ƙarƙashin matakalar shiga ɗaki. Idan yana ɗaure a mashiga, gindinsa a bushe yake. Amma in muka yi awa huɗu muna tafiya da inji, sai in kwashe ruwa kusan lita 10. Gaban injin kawai nake iya gani, bayansa hannu ba ya kaiwa. Ta ina zan fara, kuma zan iya yanka ƙofa a katakon gefe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bayaninka ya rage mana rabin aiki. Ruwan da ba ya shigowa sai inji na aiki da wuya ya zama daga tsagewar jikin jirgi yake, ko daga tagogi. Wuraren da ake zargi ba su wuce biyar ba, kuma yawancinsu suna can bayan injin inda hannunka ba ya kaiwa. Don haka tambayoyinka biyu aiki ɗaya ne.

Fara da sanin irin ruwan. Kada ka ɗanɗana, domin ruwan sanyaya inji da ake zubawa mai launin kore ko ja guba ne, kuma gindin jirgi ba ya rasa dizal. Ɗiga kaɗan a kan baƙar leda ka ajiye a rana. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, ya fi na manyan tekuna da ke wajen giram 35, saboda haka in ruwan teku ne za ka ga farin ɓawo ƙarara bayan ya bushe. In ya bar maiƙo mai launi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan sanyaya inji ne, sai ka duba ko ya ragu a tankinsa. Da wuya dai ya zama shi, domin injin irin naka duk ruwan cikinsa bai kai lita 10 ba. In kuwa bai bar komai ba, ruwan sha ne: rufe duk famfunan jirgin ka saurara, idan injin tura ruwa yana tashi shi kaɗai lokaci-lokaci, akwai tiyon da ke yoyo.

Mu ɗauka na gishiri ne. Kwashe ruwan tas, ka goge da tsumma, ka bar wurin ya bushe. Barbaɗa hodar jarirai a ƙasan injin da kewayen sandar farfela, ko ka ja layukan alli a gicciye. Ɗaura farar takardar goge hannu a kowace mahaɗar tiyo. Sannan ka yi gwaji hawa uku: inji na aiki ba giya na minti 15, giya a ciki jirgi na ɗaure da igiyoyi masu ƙarfi, minti 15, sai a fita teku a ba shi wuta sosai. Bayan kowane hawa ka haska tocila ka ga inda hoda ta yi layi, ka bi layin sama har tushensa. Ruwa yakan ɓullo nesa da inda ya shigo. Kuma don Allah a cire jallabiya da rawani kafin a sunkuya kusa da sanda ko fambel mai juyawa.

Idan ruwan ya bayyana tun a hawa na farko, matsalar tana kan hanyar da ruwan teku ke bi ya sanyaya inji. Famfon da ke zuƙo shi yana da ɗan rami a jikinsa, an bar shi ne don ya tona asirin sil, wato robar da ke hana yoyo, in ya mutu. Farin gishiri ko koren tsatsa a ƙarƙashin ramin na nufin a sake sil. Kada a toshe ramin da gam: ruwan zai koma ya ci boris, a wasu injinan ma ya gangara cikin baƙin mai ya mayar da shi kamar madara. Daga nan ka duba gwiwar salansa, inda ruwan gishiri ke haɗuwa da hayaƙi mai zafi. Tana ruɓewa daga ciki, alamarta layin tsatsa haɗe da baƙin hayaƙi a waje. Wannan ba a jinkirta shi, domin inda ruwa ya fita hayaƙi ma na fita, kuma hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa. Akwai kuma ɗan bawul a saman tiyon da aka lanƙwasa ya haura layin ruwa (iyakar inda teku ke kaiwa a jikin jirgi), aikinsa hana teku tsotsuwa cikin inji bayan an kashe. Gishiri na cushe shi ya riƙa tofar da ruwa. Kwance shi, ka wanke da ruwan ɗumi.

Idan sai an sa giya ruwan ke zuwa, to akwatin da sandar farfela ke ratsawa ta fita waje ne, kuma shi na fi zargi a jirginka. Tsohon samfuri yana da zoben igiya mai maiƙo guda uku da babban noti ke matsewa. An yi shi ne ya ɗan ɗiga: ɗigo 2 zuwa 3 a minti in sanda na juyawa, babu ko ɗaya in ta tsaya. Ga lissafi: ɗigo 20 ne kusan mililita ɗaya, don haka ko da ɗigo ɗaya yake yi kowace daƙiƙa, a awa huɗu bai kai lita ɗaya ba. Lita 10 na nufin zuba yake yi, kuma za ka ga zanen gishiri da sanda ta fesa a bangon kewaye. Sassauta ƙaramin notin kulle, ka ƙara matse babban da kashi ɗaya cikin shida na zagaye, ka kulle, ka gwada minti 10, sannan ka kashe inji ka taɓa. Ɗumi ba laifi. In ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ka matse da yawa, igiyar za ta ƙone ta ci sandar. In noti ya kai ƙarshe yoyo bai tsaya ba, igiyar ta ƙare. A sake ta lokacin da aka ɗaga jirgi kan tudu, a jera zoben yadda mahaɗarsu ba za ta zo wuri ɗaya ba. In sandar ta yi kwari a wurin, sabuwar igiya ba za ta daɗe ba. Sabon samfuri na roba kuwa ba ya ɗiga sam, in ya ɗiga sai canji. Haka nan, takalman roba da inji ke zaune a kai in sun lotsa, sanda takan karkace ta riƙa kaɗawa, kowane irin akwati sai ya yi yoyo.

Idan kuma sai a hawa na uku, duba bututun da sandar matuƙi ke bi, wato sandar allon da ke juya akalar jirgi a cikin ruwa. In an ba inji wuta bayan jirgi yakan nutse kaɗan, bakin bututun da yake sama da ruwa a mashiga sai ya koma ƙasa da shi.

Yanzu batun ƙofa. E, ana yankawa, kuma wuri mafi dacewa shi ne bangon falankin da ke tsakanin inji da gadon baya. Amma ka fara duba gefunan bangon: idan an liƙa shi da jikin jirgi da faiba mai kauri, ko yana ɗauke da ƙarfen da wayoyin turken iska ke ɗaure a kai, ginshiƙi ne, kada a taɓa sai masanin ginin jirgi ya gani, maigida kuma ya amince. In bango ne na raba ɗaki kawai, huda ƙaramin rami na milimita 6 ka leƙa, ko ka tura waya ta ɗauki hoto, don tabbatar babu wayar lantarki ko tiyon mai a baya. Faɗin santimita 45 da tsayin 40 zai shigar da kai da kafaɗa ɗaya, kuma a auna shi ya fuskanci akwatin sanda da gwiwar salansa. Ka bar aƙalla santimita 8 na katako ta kowane gefe. Kusurwoyi su zama masu lanƙwasa, domin kusurwa mai tsini nan tsagewa ke farawa. Shafa ifoksi, wato gam mai hana ruwa shiga, a bakin yankan don kada danshin Jidda ya shiga falankin ya kumbura shi. Kafa firam na katako ta ciki, ka liƙa robar da za ta hana hayaƙi da ƙara fita, ka mayar da guntun da ka yanke ya zama murfi, da sakata biyu da ake buɗewa da hannu ba sai an nemo sukundireba ba. Bayan murfin a manna soson rage ƙara wanda ba ya kama wuta. Ban ba da shawarar yanka ƙasan wurin tuƙi ba sai in babu wata hanya, domin nan igiyar ruwa ke zubowa, murfin da bai rufu sosai ba zai zubar da gishiri kai tsaye kan inji.

Ƙananan gyare-gyare ma suna taimakawa: sa matakalar a kan hinji ta riƙa ɗagawa sama, kafa fitila a bayan injin, juya kan kowane maɗaurin tiyo ya fuskanci sabuwar ƙofa, a kuma mayar da filtar mai gaba da tiyo in tana a lungu.

Kafin a gama duk wannan, duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa ya samu maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316, kuma a ɗaure toshiyar katako mai tsini kusa da kowane bawul na jikin jirgi. Tiyo mai faɗin milimita 25 in ya fice a zurfin rabin mita, yana shigar da sama da lita 50 a minti. Rufe bawul ɗin ruwan inji duk lokacin da za ka bar jirgin, ka rataye makullin inji a hannunsa don kada a tayar a manta ba a buɗe ba.