An ce an gama da shan inna, to me masu ɗigo suke nema a ƙofarmu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni magidanci ne a Funtuwa, 'ya'yana huɗu, biyu ba su kai shekara biyar ba. Da kunnena na ji a rediyo a 2020 an ce an kawar da shan inna daga Najeriya da Afirka baki ɗaya. Amma har gobe matan nan masu akwatin sanyi ba su daina sallama a ƙofarmu ba, autana kaɗai an ɗiga masa ya fi sau goma. Idan cutar ta tafi, me ake kashewa? Kuma me ya sa ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro sai na sayi magani da kuɗina, wannan kuwa ana bin mu da shi har ɗaka kyauta?

Amsa: Malam, barka kadai. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, sai dai an bar wani ɓangare ba a faɗa da ƙarfi ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙwayar shan inna ta asali, wadda take yawo tsakanin mutane tun kaka da kakanni, ta ƙare a Afirka. Yaro na ƙarshe da ta kama a nahiyar kafin wannan shela ɗan jihar Borno ne, a 2016. Amma ba ta ƙare a duniya ba, kuma akwai wata 'yar uwarta da har yanzu take cikinmu.

Sai ka san halin cutar kafin ka gane dalilin nacin. Iyayenmu sun ce Inna ce take shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya samo asali. Abin da yake faruwa shi ne ƙwayar tana shiga ta baki, ta ruwa ko abinci ko hannun da ya taɓa bayan gida, ta zauna a hanji ta hayayyafa, ta fita a cikin kashi makonni da dama. Mafi yawan yaran da ta shiga ko ciwon kai ba sa yi. A cikin kusan yara 200 da suka ɗauka, ɗaya ne take ratsawa zuwa lakar gadon bayansa ta kashe jijiyar da take motsa ƙafa ko hannu, kuma in ta kashe babu maganin da yake dawo da ita. Ka ga ke nan, duk gurgun shan inna ɗaya da ka gani yana jan jiki, akwai yara wajen 199 da suka ɗauki ƙwayar suka raba wa maƙwabta suna wasansu lafiya lau.

Nan ta bambanta da agana. Agana ba ta ɓuya, duk wanda ta kama fuskarsa take faɗa, sai a kewaye ƙauyen a yi wa kowa lamba. Da haka aka ci ta. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a gari, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci ne a asibitin Marka a Somaliya, a 1977, kuma a 1980 aka yi shelar ta ƙare a doron ƙasa. Mutumin nan daga baya ya shiga aikin ɗigon shan inna, a bakin aikin ma zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 2013. Nasarar agana ce ta ba duniya ƙwarin gwiwa a 1988 ta ɗaura ɗamarar kawar da shan inna kafin shekarar 2000. A lokacin tana gurgunta yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Wa'adin ya wuce da fiye da shekara ashirin, amma adadin ya ragu da sama da kashi 99 cikin ɗari. Ƙwayar iri uku ce. Iri na biyu an yi masa ganin ƙarshe a Indiya a 1999, na uku a jihar Yobe a 2012. Na ɗaya ne ya maƙale a Afganistan da Pakistan.

Za ka ce ina ruwan Funtuwa da Pakistan. A 2022 Malawi ta sanar da wata yarinya da ta shanye a Lilongwe, aka bi sawun ƙwayar a ɗakin gwaji aka tarar danginta na Pakistan ne, kuma kafin shekarar ta fita ta ɓulla a Mozambik. Mu ma mun taɓa zama masu aikawa. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi a 2003 kan jita-jitar maganin hana haihuwa, aka yi kusan shekara ba a ɗiga ba sai Yulin 2004 da aka kawo magani daga Indonesiya, ƙwayar da ta tashi daga arewacin Najeriya ta sake kunno kai a ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indonesiyar. Ba na cikin masu yi wa mutanenmu dariya a kan wannan. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, ya san tsoron bai faɗo daga sama ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai tsoron nan yara ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Borno. Daga Yulin 2014 Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga ko mutum ɗaya da ƙwayar asali ta kama ba, har an cire sunanta daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida. Kwatsam a Agustan 2016 sai ga yara sun shanye a Gwoza da Jere. Da aka duba ƙwayar, jikar wadda aka gani a Borno a 2011 ce. Shekara biyar tana zagaye a garuruwan da rikici ya hana ma'aikata shiga, mu kuma muna nan muna taya juna murna.

Yanzu ga ɓangaren da ban so ka ji a bakin wani ka ce likita ya ɓoye maka. Ɗigon da ake yi wa autanka ƙwayar shan inna ce mai rai da aka raunana, da wuya ƙwarai ta shanye yaro, aikinta ta koya wa hanji yadda zai gane ta asali ya hana ta zama. Ita ma tana fita a kashi na ɗan lokaci. A unguwar da kusan kowane yaro ya karɓa, in ta fita ba ta samun masauki, sai ta mutu. Amma a inda yara da yawa ba su karɓa ba, ga kwata a buɗe, ga rijiya kusa da masai, sai ta yi ta tsalle daga wannan ciki zuwa wancan. In ta shekara ko fiye tana wannan yawo, tana iya rikiɗa ta dawo da ƙarfinta. Wannan rikiɗaɗɗiyar ita ake fama da ita yau a arewacin Najeriya da Nijar da Chadi, a 2021 kaɗai ta gurgunta yara sama da 400 a Najeriya. Ba mu kaɗai ba ne: a 2022 ta shanye wani saurayi da bai yi rigakafi ba a jihar New York ta Amurka, an tsince ta a ruwan kwatar Landan, a 2024 kuma ta kama jariri ɗan wata goma a Gaza bayan shekara 25 ba a ga cutar a can ba.

Ka lura da wanda take kamawa: yaron da aka tsallake, ko wanda bai samu isasshe ba. Masana ma suna da nasu laifin a nan. A Afrilun 2016 aka cire iri na biyu daga ɗigon a duniya baki ɗaya, da tunanin tunda na asalinsa ya mutu babu buƙata. Allurar shan inna da ya kamata ta toshe gurbin ta yi ƙaranci, yara miliyoyi suka taso babu kariya daga iri na biyu, ragowar rikiɗaɗɗiyar ta samu fili. Shi ya sa aka ƙero sabon ɗigo mai wuyar rikiɗa, kuma a Najeriya aka fara amfani da shi, a Maris 2021.

Batun sau goma kuwa, ba ya yi wa yaro yawa, jiki ba ya tara shi kamar ƙwayar magani. A ƙasashe masu zafi inda gudawa da tamowa suka yi yawa, ɗigo ɗaya sau tari ba ya kamawa, cikin yaro ya riga ya cika da wasu ƙwayoyin da suke gasa da shi, ko zawo ya wanke shi. Indiya ta sha wannan, sai da aka yi ta maimaitawa kafin ta ga bayan cutar a 2011. Mai ɗigo ba ta da hanyar sanin a cikin wane yaro ya kama, don haka ake ba kowa a rana ɗaya, a rufe wa ƙwayar duk ƙofofi lokaci guda. In sun zo, ka ce a nuna maka kwalbar. Akwai ɗan da'ira a jikin takardarta da murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya yake. In ya yi duhu kamarta, zafi ya lalata shi, kana da ikon cewa a ɗauko wata. Tawadar da suke shafawa a ƙaramin yatsan hagu da rubutun alli a bangon zaure don masu bin sawu ne, su san gidan da aka shiga da yaran da aka rasa. Na taɓa ganin gidan da aka shafa wa yara tawada ba a ɗiga musu komai ba, maigida da mai ɗigo sun daidaita don kowa ya huta. A takarda unguwar ta cika ɗari bisa ɗari. Irin wannan unguwa ƙwayar take nema.

Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ina ganin kana da gaskiya. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutane kusan 600,000 a shekara, yawancinsu ƙananan yara a Afirka, kuma Najeriya ce take ɗauke da kaso mafi girma. Kaso mai yawa na kuɗin shan inna daga waje yake zuwa, daga ƙungiyar Rotary da gidauniyar Gates da gwamnatocin ƙasashe masu arziki, kuma ɗaure yake da wannan aiki. Lissafinsu shi ne cutar da za a iya kashewa gaba ɗaya, in an gama an huta da kashe mata kuɗi har abada, kamar agana. Sauro kuwa ba a gama da shi da ɗigo biyu. Lissafin ba wauta ba ne, amma uban da ya je asibitin unguwa ya tarar babu ko maganin zazzaɓi, washegari aka ƙwanƙwasa masa ƙofa da ɗigo, dole ya yi zargi. Wannan giɓin na gwamnatocinmu ne, su ya kamata a tsare da tambaya, ba baiwar Allah da take yawo a rana da akwati a kafaɗa ba. Tara daga cikin irinsu aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. An ɗan fara gyarawa: maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa yara gida-gida duk wata a damina ya bi sawun tsarin ɗigon ne, allurar rigakafin zazzaɓin ma ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ko Ebola da ta shiga Legas a 2014, ma'aikatan shan inna da tsarinsu na bin sawu suna cikin waɗanda suka tare ta a mutum 20.

Abin da zan roƙe ka, kada ɗigon ƙofar gida ya sa ku bar na asibiti. Ka duba katin yaran biyu: ɗigo a haihuwa, da sati 6, 10 da 14, sannan allurar shan inna a cinya, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, ba ta rikiɗa. In an tsallake wani, a kai su a cike, ba a makara ba. Kuma duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ko naka ko na maƙwabci, a sanar da asibiti mafi kusa ko mai unguwa a ranar. Za a ɗebi bayan gidansa sau biyu, kwana ɗaya tsakani, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri cikin ƙanƙara, kuma an fi samun ƙwayar in an ɗiba cikin sati biyu da farawar ciwon. Ba a biyan ko kwabo.