Zauren Wasanni: Ga abinci a firiji, amma yunwa ta kashe mini kaka

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, kuma dukansu a kan The Sims ne, wasan kwamfuta da ake haɗa mutane da gidansu a kula da rayuwarsu ta yau da kullum. Tun da kamfanin EA ya mayar da The Sims 4 kyauta a watan Oktoba na 2022 tambayoyi a kansa ba su yanke mini ba. Ga ta farko.

Anti, barka da aiki. Watan jiya na sauke The Sims 4 a laftof ɗin yayana, na haɗa gida mai mutum biyar: mata da miji, yara biyu da kaka. Tun ranar ban huta ba. In na tura wannan banɗaki, wancan yunwa ta kama shi, kafin in ba shi abinci matar ta zube a tsakar ɗaki barci ya kwashe ta. An kori maigidan daga aiki, shekaranjiya kuma kakar ta mutu da yunwa alhali ga abinci a firiji. Ni ce ban iya ba, ko haka wasan yake? Ƙanwarki, ɗaliba daga Zariya.

Ƙanwata, sannu da fama. Kin ɗauki kaya da yawa tun ba ki san hanya ba, shi ke nan laifinki. Mutum biyar ai aikin wanda ya daɗe a wasan ne.

Bari mu fara da kakar, don na san ita ta fi tsaya miki a rai. A wannan wasa ba a mutuwa da yunwa farat ɗaya. Sai ma'aunin yunwa ya ƙare ƙarƙaf, sannan a ba ki kusan awa 24 na agogon wasan kafin mai ɗaukar rai na wasan, mai baƙar alkyabba da lauje, ya iso. Kuma mutanen, in an bar su da kansu, sukan je su buɗe firiji. Saboda haka ɗayan abu biyu ne ya faru. Ko dai kin kashe 'yancin da wasan ke ba su na yi wa kansu hidima, wanda ake kunnawa a kashe a cikin saitin wasa, ko kuma wani abu ya tare hanyar firijin, kujera ko teburi ko kwandon shara. In kin ga mutum ya tsaya yana ɗaga hannu yana yi miki magana da yarensu na Simlish, ga alamar sawu a saman kansa, ce miki yake yi ba hanya. Ki duba waɗannan biyun kafin komai.

Buƙatun da kike bi da gudu guda shida ne: yunwa, fitsari, barci, tsaftar jiki, nishaɗi da hira da mutane. Kowacce tana da ma'auni da ke sauka daga kore zuwa ruwan ɗorawa zuwa ja, lu'ulu'un da ke yawo a saman kan mutum shi ma yana sauya launi yadda suke sauka. Amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma nan sababbin shiga ke shan wahala, suna ba kowacce kulawa daidai wa daida. Yunwa tana kisa. Barci yana kayar da mutum duk inda yake tsaye, ko a bakin titi ne. Fitsari in ya kufce, tsaftar jiki ta zube gaba ɗaya, ga kunya ta lulluɓe shi, kin ga matsala ɗaya ta haifi biyu. Nishaɗi da hira kuwa suna iya jira. Ran mutum zai ɓaci, aikinsa zai yi rauni, amma yau da gobe ba abin da zai same shi. In uku sun yi ja lokaci guda, ki danna maɓallin dakatar da lokaci, ki jera masa ayyuka: banɗaki, abinci, gado. Wanka ya bari sai da safe.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Yawancin wahalar nan a ginin gidan take. Will Wright, mutumin da ya ƙirƙiro wasan a kamfanin Maxis, gidansa ya ƙone a gobarar Oakland ta Amurka a 1991, ya dawo yana sake sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Tunaninsa na farko wasan tsara gini ne, mutanen ciki kuma an sa su ne don su nuna ko ginin ya yi ko bai yi ba. Daga baya mutanen suka fi ginin jan hankali. Wasan farko da ya fito a 2000 buƙatu takwas gare shi, har da jin daɗin zama da kyan ɗaki, kuma Wright ya amfana da tsarin masanin halayyar ɗan Adam Abraham Maslow, wanda a 1943 ya jera buƙatun mutum daga ci da sha zuwa sama. An rage buƙatun zuwa shida, amma asalin bai gushe ba. Har yau mutanen alƙalan gidanki ne.

Na koyi wannan da The Sims 2, a tsohuwar kwamfutar teburi da ke ɗakin kawuna. Na gina ƙaton gida mai bene da dogon baranda, banɗaki ɗaya tal a can sama, kicin a wancan ƙarshen. Na ji daɗin kallonsa ƙwarai. Sai ga shi kullum maigidan yana makara, kullum ana layi a ƙofar banɗaki. Dalili shi ne minti ɗaya na wasan kusan daƙiƙa ɗaya ce a agogonmu, don haka tafiya daga gado zuwa kicin a gida irin wannan tana cin rabin awa. Ranar da na rushe shi na yi ƙaramin gida, ɗakin barci manne da banɗaki, kicin manne da wurin cin abinci, jan ma'auni ya ragu ba tare da na sauya komai a yadda nake wasa ba.

Ke da mutum biyar an ba ki Simoliyon (kuɗin wasan) 28,000 a farko, wato 20,000 na mutum ɗaya da ƙarin 2,000 a kan kowane mutum da ya ƙaru. Ina kyautata zaton labule da kafet da fitilu suka cinye su. In za ki sake, ki fara da banɗaki biyu, ko da na biyun masai ne kawai da wurin wanke hannu. Ki sayi shawa maimakon baho, ta fi sauri. Abin da ya rage ki zuba a gado. Kowane gado yana da lambar da ke nuna saurin mayar da kuzari, kuma gado mai kyau yana dawo miki da awanni kowane dare, awannin da za a yi karatu ko girki da su.

Girki kuma a yi shi sau ɗaya da yawa. Akwai zaɓin tukunyar mutum takwas. A dafa da yamma, a ci, sauran a sa a firiji, da safe kowa ya ɗibi nasa. Wanda bai iya girki ba kada ki bar shi da murhu, gobara daga nan take tashi. Ya haɗa salak har hannunsa ya faɗa, ki kuma kafa ƙararrawar hayaƙi. Sannan The Sims 4 ya yarda mutum ya haɗa abu biyu ko uku. In suka zauna cin abinci tare a gaban talabijin, yunwa da nishaɗi da hira duk suna cika a zama ɗaya. Wannan cin abincin dare na taro shi ne ginshiƙin kowane gida da na taɓa riƙewa a wasan.

Shawarata ki ajiye wannan gidan tukuna. Ki haɗa mutum ɗaya, ki bi shi mako guda na wasan, ki lura da ƙarfe nawa yunwa ke kama shi, ƙarfe nawa yake gajiya. Daga nan ki yi masa aure.

Anti, abokaina sun ce akwai lambar da ake rubutawa buƙatun su daina sauka gaba ɗaya. Gaskiya ne? Kuma yin haka ba ha'inci ba ne? Ɗanki daga Maraɗi.

Gaskiya ne, ɗana. A kwamfuta ka danna Ctrl da Shift da C tare, akwati zai buɗe a sama, ka rubuta testingcheats true. Daga nan in ka riƙe Shift ka danna kan mutum, za ka ga zaɓin cika masa buƙatunsa da na hana su sauka. Ha'inci kuwa babu, tun da ba da kowa kake gasa ba, kuma masu wasan da kansu suka bar ƙofar a buɗe. Wanda gini ne ya kawo shi, ko yake son tsara labari ya ɗauki hotuna, ya yi amfani da ita hankali kwance.

Ni dai ba na so, kuma zan gaya maka dalili. Na taɓa kashe buƙatun wani gida da na daɗe ina reno. Ba wanda ya ƙara shiga kicin, ba wanda ya kwanta, dare da rana suka zama ɗaya. Cikin kwana biyu na daina buɗe gidan. Ashe ƙaunar da nake yi musu daga hidimar take fitowa, daga uwar da ta dawo aiki a gajiye ta tsaya ta dafa wa yara abinci kafin ta kwanta.

Akwai hanya ta tsakiya. Duk burin da mutum ya cika yana tara masa maki, da makin kuma ake sayen baiwa a kantin lada na cikin wasan: mai riƙe fitsari, mai jure yunwa, mai ƙarancin barci. Sauƙin ɗaya ne, amma wannan guminsa ne ya saya masa.

Hajiya, 'yata mai shekara 10 tana buga wasan nan. Rannan na same ta tana kuka wai an ƙwace mata jariri. Me ke nan? Mahaifi daga Kano.

Alhaji, Allah ya raya ta. A The Sims 4 yara ba sa mutuwa da yunwa. In aka bar su har ma'aunin ya ƙare, hukumar kula da yara ta cikin wasan ce ke ɗauke su, kuma ba a dawo da su. Masu tatata, waɗanda aka ƙara a 2017, da jarirai masu rarrafe da aka ƙara a 2023, su ne mafi wuyar riƙo, don kusan komai sai babba ya yi musu, gargaɗin kuma yana wucewa da sauri in ana gudun lokaci. In ba ta adana wasan bayan abin ya faru ba, ta fita ba tare da adanawa ba, za ta koma inda ta tsaya a baya da jaririnta. Ka koya mata adanawa duk safiyar wasan, wanda zai cece ta kuma ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu.

Sai dai akwai abin da ya wajaba in faɗa maka. A Amurka an ware wasan ga masu shekara 13 zuwa sama, a Turai 12, saboda akwai soyayya da mutuwa a ciki, da wasu al'adun da ba namu ba. Shekara 10 ta yi ƙanƙanta a bar ta ita kaɗai da shi. Ka zauna kusa da ita, ko mahaifiyarta ta zauna, ku haɗa gidan tare, ku bar jarirai sai nan gaba, a fara da babba ɗaya da yaro ɗan makaranta wanda zai iya buɗe firiji da kansa.