Tambaya da Amsa: Babur Mai Ƙafa Huɗu Yana Dafa Batir

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur mai ƙafa huɗu, na hannu, da nake zagaya gona da shi. Cikin wata biyar na sayi batir biyu. Kowanne sai ya ɗau zafi, ruwansa ya ƙafe, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na biyun har ya kumbura. Ƙwan fitila ma ya ƙone sau uku. Makanikina ya ce batiran yanzu ne ba su da ƙarko. In sayi na uku?
*Manomi daga Shika*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Da wuya batir mara kyau ya ƙona ƙwan fitila. Wuta ce ta yi wa babur ɗin yawa, kuma ko batir goma ka saka, haka za ta dafe su.

Kwayil ɗin da ke cikin injin, wanda ke samar da wuta, ba shi da linzami. Gwargwadon totur, gwargwadon wutar da yake turowa. Rektifaya ce ke tsaye a tsakani, ɗan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga a baya: tana juya wutar ta koma irin wadda batir ke sha, ta tsayar da ita wajen bolt 14, ragowar ta zubar. In ta gaza, ruwan batir ya fara tafasa.

Ka nemi mitar auna wuta, ka saita ta a DC 20, wato inda take auna bolt na batir har zuwa 20. Ka tabbata ɗan batirin cikinta sabo ne, domin in ya yi sanyi tana ƙara lamba. Injin a kashe, bayan ya huta kamar awa biyu, lafiyayyen batir zai nuna 12.6 zuwa 12.8. Sai ka tayar, ka ja totur zuwa rabi, kimanin juyi 4,000 zuwa 5,000 a minti. Abin da ake so shi ne 13.5 zuwa 14.5. In ta haura 15, ko tana ta hawa 16, 17 kana ƙara totur, ka kashe injin, magana ta tabbata.

Amma kada ka garzaya Sabon Gari sayen rektifaya nan take. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, wayoyi ne ke yi mata ƙarya.

Fara da wayar da ke haɗa ta da jikin babur, koriya ce a Honda da yawancin ƙirar Sin. Injin na aiki, ɗora tsinken mita ɗaya a kan wannan waya, ɗayan a bisa kan batir mai alamar ragi. In ka ga fiye da 0.2, akwai tsatsa ko noti ya saki. Kwance, goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, ka shafa giris a kai.

Sai ta biyu, wadda ta fi wahalar da masu gyara. Wasu rektifayoyin masu waya biyar ko shida suna da siririyar waya, galibi baƙa a irin waɗannan baburan, wadda ke zuwa daga makulli. Ta nan rektifaya take jin ko batir ya ƙoshi. In ƙurar hunturu da lakar damina sun cinye cikin makulli ko gidan fis, batir yana 14 amma wayar ta kai mata labarin 13, ita kuwa sai ta ƙara wuta. Ka auna tsakanin kan batir mai alamar ƙari da wannan waya, makulli a buɗe. Bambancin da ya wuce rabin bolt ya yi yawa, a wanke makullin da soket, ko a canza. Ka lura, a Yamaha baƙar waya ita ce ta jikin babur, don haka kada ka dogara da launi kaɗai.

In waɗannan sun fita tsaf, to rektifayar ce ta mutu, kuma ba a gyara ta. Zafi ne ajalinta. Sabuwar a ɗaura ta inda iska ke ratsawa, a riƙa kankare busasshiyar lakar da ke toshe tsagoginta, musamman a zafin Maris da Afrilu. Duba soket ɗin ma. In robar ta narke ko ƙarafan sun yi baƙi, yanke ka sa sabo. Kwayil kuwa da wuya ya zama mai laifi a nan. In ya lalace, caji raguwa yake yi.

Wannan al'ada ta cire kan batir injin na aiki don a ga ko yana caji, kada ka bari a yi maka ita. Wutar na iya zabura ta tafi da CDI, akwatin nan da ke ba fulogi wuta, da duk fitilu. Batirin da ya kumbura kuma ya gama aiki. Cire shi, ka fara da wayar ragi, nesa da sigari ko walda, don iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Farin garin da ya taru a mazauninsa, ruwan kanwa na wanke shi.

Tambaya: Nawa babur ɗin mita na nuna 14.2, amma batirin yana zafi, ruwa na raguwa. Mako biyu da suka wuce na kai shi wajen mai cajin batirin mota.
*Mai karatu daga Tudun Wada*

Amsa: Rektifayarka ba ta da laifi. Batir mai bolt 12 ɗaki shida ne a ciki, kowanne na riƙe da kusan 2.1. In ɗaya ya mutu, sauran biyar ne ke shan rabon shida, sai su tafasa alhali mita na nuna daidai. Bar shi ya kwana a cire, ka auna da safe. In ka ga wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya tafi, sai sabo.

Muna zargin cajin nan. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah da ke jikin batir, wadda ke nuna yawan cajin da yake ɗauka: mai 12Ah, amfiya 1.2 ke nan, na awa biyar zuwa goma. Na'urar cajin mota tana iya tura amfiya 10 ko fiye, abincin raƙumi a cikin akuya. In ruwa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir zuwa layin sama. Ban da asid, ban da ruwan rijiya ko na leda. Batirin da aka rufe ruf daga kamfani kuma ba a ɓalle murfinsa.

Tambaya: Rektifayar babur ɗin acaɓa za ta yi? Ta fi araha, kuma soket ɗin ya shiga.
*Mai gyara daga Dakace*

Amsa: Shigar soket ba shaida ba ce, jerin wayoyin ciki kan bambanta. Ƙirga wayoyin da ke fitowa daga kwayil. Manyan masu ƙafa huɗu yawanci uku ne masu launi ɗaya, rawaya ko farare, kuma ta acaɓa mai baki huɗu ba za ta ɗauke su ba. Ƙananan masu 110 ko 125 wani lokaci suna dacewa. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, a gwada lamba da jerin waya, bayan an ɗaura kuma a sake aunawa da totur a rabi kafin babur ya bar gareji.