Amsa ga ɗan'uwan da ke son rage tumbi ya kuma tara tsoka lokaci guda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka fara ɗaga ƙarfe, ka yanke abinci don tumbi ya sauka, amma ƙarfinka sai raguwa yake, damtse ya ƙi fitowa, har kana tambaya ko dai dole ka zaɓi ɗaya. Wlh da na karanta sai da zuciyata ta sosu, don irin wannan halin na shiga sak. Ana iya haɗa su biyun, musamman ga sabon shiga da mai teɓa irinmu da wanda ya taɓa yi ya bari ya dawo. Wanda ya daɗe yana ɗagawa kuma ba kitse a jikinsa, shi ne abin ke yi wa wuya. Amma ba da yunwa ake yi ba, kuma daga yadda ka yi bayani yunwa ce ke cin ka.

Ni wani koci ne ya so ya kashe ni. Ya ce in bar tuwo, in bar shinkafa, in bar nama wai nama kitse ne, da safe ruwan zafi da lemon tsami, da rana kokwamba, da dare wani shayin rage ƙiba da shi da kansa yake sayar mana. Shayin nan ba abin da yake yi sai zawo. Sannan ya sa in ɗaura leda a ciki in ɗora rigar sanyi in yi ta gudu a zafin Afrilu wai kitse zai narke ya fita ta gumi. Sikeli kam ya sauka, ina murna, ashe ruwa ne da tsoka ke tafiya, tumbin na nan inda yake ya ma ƙara saki. Wuyana ya zama siriri, idanu sun faɗa, Hajiyarmu ta kira ni ɗaki tana tambaya ko ciwon suga ne nake ɓoye mata.

Ranar da ba zan manta ba ina kwance a benci, nauyin da na saba ɗagawa ba wahala, na sauke shi kan ƙirji ya ƙi tashi. Hannuna na rawa, kunnena ya toshe, ina ganin fankar sama tana rabuwa biyu, ƙarfen na gangarowa wajen maƙogwaro kuma ko ihu na kasa. Wasu yara biyu ƴan makaranta ne suka yo gudu suka ɗage shi. Kocin yana nan zaune kan kujera yana danna waya. Da na farfaɗo an zuba min ruwa a ka, ka san me ya ce a gaban mutane? Wai ragwanci ne, wai masu tumbi dama ba su da zuciya. Mutumin da nake biya duk wata, nake sayen shayinsa, ko sannu bai ce min ba. Washegari kuma ba kunya ya turo min saƙo wai sabon kaya ya iso. Har yau in na wuce ta layin nan sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ƙona min rai na san yana nan yana yi wa wasu. Allah ya isa kawai. A asibiti likita ya ce jinina ya yi ƙasa kuma ba ruwa a jikina, ya yi min faɗa sosai kan shayin.

To ka ci abinci dan Allah. Ragewa kaɗan ake yi, kamar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 500 ƙasa da abin da jikinka ke ƙonawa a rana, yadda za ka dinga sauke wajen rabin kilo a sati. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, don haka duk wanda ya ce zai sauke ma kilo 10 a sati biyu ruwan jikinka zai matse. Kuma tuwon da ake ta zagi ba shi ne babban mai laifi ba. Duba man da ke yawo a kan miya, babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Lemon roba ɗaya na 50cl sugan da ke ciki ya haura giram 50. Ga shayin mai shayi da madara da suga, ga fura da ake zuba wa suga kamar ba gobe. Ni waɗannan na fara yankewa, malmala biyu ta koma ɗaya, na ƙara ganye, zogale da kabeji da alayyahu.

Furotin, sinadarin abinci mai gina tsoka, shi ne maganar. Ana son giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyinka, in kana kilo 90 ka nemi wajen giram 145 a rana, in tumbin da yawa ka yi lissafi da nauyin da kake son kaiwa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ka ga ba zai yiwu da ƙwai kaɗai ba, balle yadda kiret ya yi tsada yanzu, talaka na ganinsa sai dai ya wuce. Haɗawa za ka yi, wake, alale, kifi, kindirmo marar suga, awara, tsokar kaza in an samu hali wadda giram 100 dafaffiya ke ba da kusan giram 30. Awarar dai a dafa ta a miya ko a gasa, soyayyar titi mai take sha sosai. Ƙosai ma haka.

Kar ka rage nauyin ƙarfe ka koma yin sau hamsin wai don ƙona kitse. Nauyin nan shi ke sa jiki ya riƙe tsoka ya ci kitsen. Skwat (tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa), dedlif (ɗago ƙarfe daga ƙasa), benci (tura ƙarfe daga ƙirji kana kwance), jan ƙarfe ta baya da turawa sama, sau 6 zuwa 12 a kowane zagaye, kwana uku ko huɗu a sati ya isa, kana ƙara ɗan nauyi ko ƙarin ɗagawa ɗaya a hankali, kana rubutawa a littafi. Kuma ka daina wahalar da kanka da motsa ciki ɗari biyu kullum, kitse ba ya sauka daga wuri ɗaya don ka matsa masa, na tumbi ma shi ke tafiya a ƙarshe wa yawancin maza. In za ka kwanta a benci ka sa mutum ya tsaya a kanka, ina roƙonka.

Af, in wani ya kawo ma maganar allurar ƙara tsoka (steroid) ka gudu. Kocin nan ya taɓa yi min tayi. Allurar nan tana rage maniyyi, ta ƙanƙance maraina, ta fito wa namiji da nono, ta taɓa zuciya, yaro bai yi aure ba ya je ya jawo wa kansa matsalar haihuwa saboda hoto. Masu shan ƙwayar maganin dexamethasone don su cika kuma ruwa ne da kumburin fuska, tsoka ma cinye ta yake. In dole sai ka sayi wani abu, garin creatine monohydrate da masu ɗaga ƙarfe ke sha, giram 3 zuwa 5 a rana, shi aka fi bincike a kai, in kana da matsalar ƙoda kuma ka fara ganin likita. Zai iya ƙara ma kilo ɗaya na ruwa a farko, kar ka tsorata.

Sikeli kuma zai iya tsayawa cak alhali kana canzawa. Sayi tef irin na tela ka auna daidai cibiya ranar Juma'a da safe kafin ka ci komai, ni ramin bel ɗina ne ya fara gaya min gaskiya. Barci awa bakwai, ka bar hirar majalisa har ɗayan dare. Masu ce ma ka rame ko ba ka da lafiya za su yi ta yi, abokai za su tsokane ka in ka ƙi shan lemo, rabu da su. In azumi ya zo ka mayar da ɗagawar bayan buɗa baki ko bayan tarawihi.

Ka rubuto mana nauyinka da tsawonka da duk abin da ka ci jiya tun daga karin kumallo, har da shayin, kar ka ɓoye komai, mu duba tare in sha Allah.