Kwamfutata RAM 4 ce, zan iya koyon hada manhajar waya da ita?

Dan'uwa na Garwa da ya yi tambayar nan, wai kana so ka hada manhajar rubuta bashi ta masu shago amma Android Studio, wato manhajar da ake hada manhajojin Android da ita, na daskarar maka da kwamfuta, kuma ka rasa wanda za ka koya tsakanin Kotlin (yaren rubuta manhajar Android) da Flutter (kayan aikin hada manhajar Android da iPhone a tare).

Gaskiya RAM 4 ta yi kadan, shi Android Studio 8 yake nema, amma abin da ke cinye ta sosai wayar bogin nan ce da yake budewa a allo don gwaji. Ka rabu da ita. Dauko Tecno ko Itel dinka, shiga saitin bayanan waya, danna lambar build sau 7, ka shiga Developer options da zai bayyana a saiti, ka kunna USB debugging (shi ke ba kwamfuta damar tura manhajar cikin waya), ka jona da kebul, sai manhajar ta rika budewa a hannunka, kuma dama irin wayoyin da 'yan kasuwa ke rikewa kenan, in ta yi nauyi nan take za ka gani.

Ni dai Kotlin zan ce maka, tun 2019 Google suka fifita shi. Flutter na da kyau in kana son iPhone ma, to amma wannan sai da kwamfutar Mac da biyan Apple dala 99 duk shekara, mai shago nawa ne ke da iPhone?

Kuma don Allah kar ka dora komai kan intanet, ka san yadda rezo ke yi mana, ga daukewar wuta. Ajiye bashin cikin wayar da Room, wato kayan aikin Android na adana bayanai a waya, in rezo ya dawo sai manhajar ta tura shi intanet.

Rajistar dora manhaja a Play Store dala 25 ce sau daya, amma kafin nan tura wa mutane APK, wato fayil din manhajar, ta WhatsApp su gwada.