Yarana Na Son Kallon Rana Da Madubin Hangen Nesa, Akwai Haɗari?

Tambaya: Salam malam. Ni mazaunin Unguwar Rimi ne nan Kaduna, na sayo wa yarana madubin hangen nesa mai ido biyu suna kallon wata da shi, to yanzu babban ya dage sai ya kalli rana, wai ya gani a WhatsApp in ka sa baƙin tabarau ko ka kalla cikin kwanon ruwa ba komai. Hankalina bai kwanta ba. Sannan wane lokaci ya fi dacewa da kallon taurari a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka gama karanta wannan ka tashi ka ɗauke madubin nan ka kulle, sai bayan magariba ka ba su.

Maganar lokaci mai sauƙi ce. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, damina ta wanke sama hazo bai sauka ba tukuna, Kaza da 'Ya'yanta na fitowa ta gabas da farkon dare, in kuma Mushtari, wato duniyar Jupiter, na sama to madubin naku zai nuna muku manyan watanninsa guda 4 in hannu bai rawa. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba akwai ruwan taurari na Geminid, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida ku kashe fitila, ido kawai ya isa, sai dai hazo kan ɓata shi. Na 12 ga Agusta kuwa yawanci hadari ke cinye mana shi. Husufin wata ku kalla yadda kuke so, ba ya cutarwa.

Amma rana, wallahi na gaji da wannan magana. Tun husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa ta Gusau da Katsina nake jin abu ɗaya, kwanon ruwa, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙin kyandir, faifan sidi, tabarau biyu a haɗe. Duk ba ko ɗaya da ke kare ido. Abin da ke yaudarar mutane shi ne can bayan ido inda hoto ke sauka babu jijiyar jin zafi, yaro zai kalla ya ce Baba ai ban ji komai ba, sai bayan awanni ko washegari ya ga baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba, karatu ya gagara. Wasu kan samu sauƙi cikin watanni, wasu shi ke nan har abada, kuma babu wani tabbataccen magani. Da madubi abin ya fi muni domin aikinsa tattara haske ne, yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana haka zai yi wa ido, cikin ƙiftawa.

Masu tura saƙon nan ba su san komai ba, turawa kawai suke, haka masu tallan tabarau a bakin titi da za su rantse maka nasu na husufi ne. Na gaskiya yana ɗauke da lambar ISO 12312-2, in ka sa shi cikin ɗaki ba ka ganin komai. Gilashin walda sai lamba 14, kuma yawancin na masu walda bai kai ba. Ko na gaskiyan ma ba a sa shi a leƙa ta madubi, hasken zai huda shi.

Akwai husufin rana 2 ga Agusta 2027, cikakke a Luxor ta Masar da Jidda da Makka, mu nan ɓangare za mu gani, ma'ana babu daƙiƙa ɗaya da za a kalla da ido tsirara. Ku huda kwali da allura, ku ba rana baya, ku kalli hotonta a ƙasa. Kuma don Allah iyaye, in aka tafi sallar kusufi kada a bar yara a waje suna ɗaga kai.

In ɗanka ya riga ya gwada, kada kowa ya ɗiga masa nono ko ruwan siga ko wani haɗin gargajiya, ka kai shi asibitin ido na ƙasa da ke nan Kaduna a duba shi yau ɗin nan.