Tambayoyinku kan kansar mama: abinci, kiba da zancen "daji ba ya son karfe"

Wata 'yar uwa daga Zango: Likita wai gaskiya ne saka kudi ko salula a rigar mama na kawo kansa?

A'a 'yar uwa, ba ya kawowa. Amma in kin ji kullutu ki zo a duba.

Wata mai jego daga Mirriya: Shayarwa na kare mace daga wannan ciwon?

Tana ragewa, duk wata 12 da kika shayar hadarin na sauka da kamar kashi 4 cikin 100. Ki ci gaba da ba yaronki nono har shekara 2. Ragewa fa na ce, mai 'ya'ya takwas ma tana iya kamuwa.

Wata Hajiya daga Birni: Na haura 50, al'ada ta dauke, jiki ya yi nauyi. Wane abinci zan ci?

Hajiya abincin yana nan kasuwar Dole ta Damagaram, ba sai na kanti ba. Tuwon hatsi, wake, kwadon zogale da rama, miyar kuka, kankana. Abin ragewa shi ne man da ake ambaliya da shi a miya, soye-soye, lemun kwalba, da sukarin nan cokali hudu a kofin shayi ko cikin fura. Dalili kuwa, bayan al'ada ta dauke kitsen jiki ne ke samar da sinadarin mata da ake kira estrojen, yawansa kuma na ciyar da wasu nau'o'in kansar mama. Ki rika tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a sati, bayan asuba kafin rana ta bude, ko zagayen tsakar gida ne. Masu shan kwayar kiba ta 'yan tebur kuma don Allah ku bari haka nan! Kumburi ne take sawa, ga ciwon suga ga hawan jini.

Wata baiwar Allah daga Magarya: Yayata na da kullutu a nono wata 5 kenan, ba ya ciwo. Gwaggonmu ta ce daji ne, daji kuma ba ya son karfe ba ya son allura, yanzu wanzami ya yi tsaga ana shafa magani.

Wallahi wannan tambayar ita ta hana ni sukuni. Diyata, rashin ciwon nan shi ne abin tsoro, kansar mama sau da yawa haka take farawa shiru. Ban ce kansa ce ba, yawancin kullutu ba ita ba ce, amma ni da gwaggo da wanzami babu mai iya ganewa da ido, sai an yi ekogarafi, wato hoton cikin nono da na'ura, an debi dan nama an auna.

Ita gwaggo na san inda ta samo zancen. Ta ga an kai wata asibiti an yi mata aiki ta rasu, sai aka ce karfe ne. Abin da ba a fada shi ne matar ta shekara a gida tukuna. Ni na sha bude zane in tarar da nono ya fashe yana ruwa, an dankara masa bakin gari da man shanu, kaluluwa ta cika hammata, in tambaya yaushe ya fara a ce tun kakar bara, lokacin bai fi kwallon magarya ba. A wancan lokacin da an cire shi da yardar Allah da tana cikin 'ya'yanta. Kuma ita askar wanzamin ba karfe ba ce? Tsagar nan kofa ce aka bude wa kwayoyin cuta, a daina yau din nan, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti. Ki samu mijin yayarki ki yi masa bayani a natse tunda na san sai da izininsa da kudin mota, ku fara da karamin asibiti (CSI) mafi kusa su ba ku takarda zuwa babban asibitin Damagaram, in da bukata akwai cibiyar yaki da kansa ta kasa a Yamai. Kar a ce sai an sayar da gyada, cikin satin nan. Ke ma ki rika laluba naki da hammata duk wata bayan al'ada ta dauke da 'yan kwanaki, in kin ga kan nono ya shige ciki, ko yana fidda jini, ko fata ta zama kamar bawon lemu, ki taho tare da ita a duba ku duka biyu.